Buddy Holly: Yadda Rikicin Kuɗi, Sanyi da Na'ura Ɗaya Suka Kai Shi ga Jirgin 3 ga Fabrairu 1959

Buddy Holly, mawaƙin Amurka, ya rasu yana ɗan shekara 22. Daga ranar da faifan da ya fito da shi duniya, "That'll Be the Day", ya shiga kasuwa, 27 ga Mayun 1957, zuwa daren da jirginsu ya faɗi a wata gona a jihar Iowa ta Amurka, wata 20 ne da mako guda. A wannan ɗan tsakanin ya kafa tsarin da ƙungiyoyin kiɗan rok an rol suka bi shekaru da dama: samari huɗu, jita biyu, bes (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya) ɗaya da ganguna, su tsara waƙarsu da kansu, su kaɗa da kansu. Masu ba da labarin mutuwarsa sun fi son farawa daga filin jirgi, su ce matuƙi ya yi kuskure. Ya yi kuskuren, babu shakka. Amma kafin a zo kansa akwai takardar kwantiragi, akwai kuɗin da aka riƙe, akwai kamfanin da ya tsara rangadi ba tare da duba taswira ba, akwai kuma ma'aikatan ofishin sadarwa na filin jirgi da suka ɓoye rabin labarin yanayi ba da gangan ba.

An haife shi ranar 7 ga Satumban 1936 a Lubbock, wani gari na manoman auduga a yammacin jihar Texas. Sunansa na yanka Charles Hardin Holley, shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu. Ya fara da kiɗan kantiri, wato waƙoƙin fararen fata na karkarar kudancin Amurka, shi da abokinsa Bob Montgomery, suna yi a gidan rediyon KDAV na garin. Da dare kuma yana kama tashoshin nesa yana sauraren mawaƙan baƙaƙen fata. A 1955 Elvis Presley ya zo Lubbock, aka sa Holly cikin masu buɗe masa fage, daga nan ya karkata ga sabon kiɗan. Yayansa Larry ne ya ranta masa kuɗin da ya sayi jitar lantarki ƙirar Fender Stratocaster, wadda a lokacin ba kowa ya ma taɓa ganin irinta ba.

Kamfanin Decca ya ɗauke shi a farkon 1956. A takardar ne aka rubuta sunansa babu harafi ɗaya, Holly maimakon Holley, ya bar shi haka. Zaman bai yi daɗi ba. A Nashville aka riƙa ɗaukar waƙoƙin, inda doka ita ce mawaƙi ya tsaya gaban makirufo ya rera, ƙwararrun 'yan haya su kaɗa, furodusa ya yanke hukunci. Faifai biyun da suka fito ba su yi kasuwa ba, a Janairun 1957 Decca ta sallame shi, da sharaɗin cewa ba zai sake ɗaukar waƙoƙin da ya yi mata a wani wuri ba har shekara biyar. Wannan sharaɗi shi ya haifi sunan ƙungiyarsa, The Crickets. Da ya sake ɗaukar "That'll Be the Day" ranar 25 ga Fabrairun 1957, ba a iya sa sunansa a faifan ba, sai aka sa na ƙungiya. Abin mamaki, kamfanin Brunswick da ya fitar da ita reshe ne na Decca ɗin. Daga baya aka riƙa fitar da wasu waƙoƙin da sunan ƙungiya a Brunswick, wasu da sunansa shi kaɗai a Coral, wani reshen na Decca, alhali mutanen da ke kiɗan su ne dai: Jerry Allison a ganguna, Joe B. Mauldin a bes, Niki Sullivan a jita ta biyu.

Inda aka yi wannan aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Situdiyon Norman Petty ne a garin Clovis na jihar New Mexico, tafiyar kusan kilomita 160 daga Lubbock. Petty ba ya cajin kuɗi da awa kamar yadda ake yi a Nashville da New York, don haka yaran suna iya kwana suna gwaji ba mai kallon agogo. A waƙar "Peggy Sue" gangunan Allison sun yi ƙara da yawa, sai aka fitar da shi ɗakin baƙi aka ja masa waya. Petty yana da wani ɗaki na amsa-kuwwa, lasifika a gefe ɗaya, makirufo a ɗaya gefen, yana tura sautin gangunan ciki yana katsewa da hannu, shi ya sa mai sauraro ke jin kamar gangunan na matsowa suna ja da baya. Holly kuwa yana bugun jitar ƙasa-ƙasa kawai da sauri, hannunsa ba shi da sararin taɓa makunnin da ke sauya muryar jitar, sai Sullivan ya durƙusa kusa da shi, da an zo wurin da jita za ta yi magana ita kaɗai ya tura makunnin. A "Everyday" babu ganga ko ɗaya, cinyoyinsa Allison ke tafawa, matar Petty, Vi, tana danna wani ƙaramin abin kiɗa mai sautin ƙararrawa. A "Not Fade Away" kwali ya buga, salon bugun kuwa na Bo Diddley ne, ɗaya daga cikin baƙaƙen fatan da suka gina wannan kiɗa tun kafin fararen yara su shigo. A "Words of Love" Holly ya rera, aka mayar da tef, ya sake rerawa a kan muryarsa, abin da a 1957 sai an yi ta kwafa daga na'ura zuwa na'ura, kowane kwafi yana ƙara shuu a sautin.

Sakamakon ya zo da sauri. A Satumban 1957 "That'll Be the Day" ta hau saman jadawalin cinikin faifai a Amurka, a Nuwamba ta hau na Birtaniya. A Agusta sun yi mako guda a gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem a New York, gaban 'yan kallo baƙaƙen fata waɗanda ba sa yi wa kowa kara. Sun fito a shirin talabijin na Ed Sullivan sau biyu, sun je Ostireliya, sannan a Maris 1958 suka yi kwana 25 suna zagaya Birtaniya.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Petty ya riƙe muƙami uku a lokaci guda: shi ne furodusa, shi ne manaja, kuma kamfaninsa Nor-Va-Jak ne mawallafin waƙoƙin. Bisa al'adar lokacin, duk dalar da ta shigo ta haƙƙin waƙa, santi 50 na mawallafi ne, santi 50 na waɗanda aka rubuta sunansu a matsayin masu tsara ta. Petty yana ƙara sunansa a jerin masu tsarawa. "That'll Be the Day" Holly da Allison suka tsara ta, har Decca ta ɗauke ta watanni kafin a je Clovis, amma a faifan Brunswick suna uku ne, har da na Petty. Ke nan yana ci ta ɓangaren wallafa, yana kuma ɗaukar sulusin rabon marubuta. Sama da haka, kuɗin faifai yana shiga wani asusu ne a Clovis wanda ke hannunsa, yaran sai dai su nemi abin kashewa. Masu kare Petty suna cewa ya ba da situdiyo da lokaci da basira ba tare da an biya shi a gaba ba, kuma gaskiya ne aikinsa yana cikin sautin. Amma manaja aikinsa ya yi wa mawaƙi jayayya da furodusa da mawallafi. Idan mutum ɗaya ne dukkansu, babu mai yi wa mawaƙin jayayya.

Ranar 15 ga Agustan 1958 Holly ya auri María Elena Santiago, 'yar asalin Puerto Rico da ke aiki a kamfanin wallafa waƙoƙi na Peer-Southern a New York. Ta san yadda lissafin sana'ar yake. Kafin ƙarshen shekarar ya raba gari da Petty ya koma New York da zama, su Allison da Mauldin suka zauna a wajen Petty tare da sunan ƙungiyar. Lauyoyi suka shiga maganar kuɗin. Sai wani dillalin wasanni na New York, Manny Greenfield, ya shigar da ƙara yana neman la'adarsa, abin da ya sa aka daskarar da wasu kuɗaɗen da za a biya. Holly na da shirin buɗe situdiyonsa, matarsa na da juna biyu, dukiyarsa kuma tana kan takarda. Hanyar samun tsabar kuɗi nan take ita ce hawa dandamali.

Kamfanin General Artists Corporation ya shirya rangadin hunturu mai suna Winter Dance Party: garuruwa 24 a kwana 24, babu hutun ko yini ɗaya. Holly ya haɗa sabbin makaɗa, Tommy Allsup a jita, Carl Bunch a ganguna, da wani mai gabatar da shiri a rediyon Lubbock, Waylon Jennings, wanda aka ba shi bes ya koya cikin 'yan kwanaki. Tare da su akwai Ritchie Valens ɗan shekara 17, J. P. Richardson da ake kira Big Bopper ɗan shekara 28, Dion da ƙungiyarsa, da Frankie Sardo. An fara a Milwaukee ranar 23 ga Janairun 1959.

Duk wanda ya ɗora jerin garuruwan a kan taswira zai ga ba a yi tunanin masu tafiyar ba. Ranar 29 suna Davenport a gabashin Iowa, 30 suna Fort Dodge, 31 sun cilla arewa zuwa Duluth a bakin tafkin Superior, 1 ga Fabrairu suna Green Bay a gabashin Wisconsin, 2 ga wata sun dawo Iowa garin Clear Lake, 3 ga wata ana jiransu a Moorhead ta Minnesota, kusan kilomita 590 arewa maso yamma, washegari kuma su sake gangarowa Iowa. Duk inda zaure ya samu ranar da ba kowa, nan aka cusa su. Manyan titunan da suka haɗa jihohi ba a gama su ba tukuna, hanyoyin masu layi biyu ne, ƙanƙara ta rufe su. Motocin tsofaffin bas-bas ne da na'urar ɗumama ciki ke mutuwa, ana canza wannan a kawo wata mai irin ciwon. Babu masu ɗaukar kaya, mawaƙan ne ke loda amfilifaya da kansu. Bayan wasan Duluth motar ta mutu a daji kusa da Hurley cikin tsakar dare, sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili, har suka riƙa ƙona jaridu a tsakiyar motar. Ƙafafun Carl Bunch suka daskare, aka kwantar da shi a asibiti a Ironwood. Daga ranar mawaƙan ke karɓa-karɓa a kan ganguna.

Da suka iso Clear Lake, Holly ya ce ya gaji. Ya nemi manajan zauren Surf Ballroom, Carroll Anderson, ya samo masa jirgin shata zuwa Fargo, wadda kogi ne kawai ya raba ta da Moorhead, don shi da makaɗansa biyu su sami barci su kuma wanke kayan sawarsu. Aka kira kamfanin Dwyer Flying Service a filin jirgin Mason City. Kuɗin kujera dala 36. Richardson mura ta kama shi, ga shi ƙato, kujerar bas na wahalar da shi, sai Jennings ya bar masa tasa. Valens ya roƙi Allsup, suka jefa kwabo, Valens ya ci.

Jirgin Beechcraft Bonanza ne ƙirar 1947, inji ɗaya, kujera huɗu har da ta matuƙi, lambarsa N3794N. Matuƙin, Roger Peterson, shekararsa 21. Yana da awa 711 a sama, 128 daga ciki a irin wannan jirgi, don haka ba baƙo ba ne. Matsalar tana wani wuri. Tuƙin jirgi iri biyu ne. Akwai na gani da ido, inda matuƙi ke kallon inda sama ta haɗu da ƙasa ya san ko jirginsa a miƙe yake. Akwai na dogaro da na'urori, inda ba ya ganin komai a waje sai allon gabansa, kuma wannan yana da lasisinsa daban. Peterson ya yi awa 52 na horon na'urori, ya ci jarrabawar rubutu, amma ya faɗi ta gwaji a sama wata tara ko fiye kafin wannan dare. Shi da kamfanin duka izininsu na tuƙin gani da ido ne kawai.

Ya duba yanayi sau da yawa tun da yamma, kuma abin da aka gaya masa bai hana tashi ba a bisa ƙa'ida. Lokacin da yake kan titin jirgi an ce masa gajimare na ƙafa 3,000, ana hango mil 6, dusar ƙanƙara na zuba kaɗan-kaɗan, iska daga kudu mai ƙarfi tana bugowa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne gargaɗin gaggawa guda biyu da hukumar yanayi ta fitar a daren. Na farko ya ce wani zirin dusar ƙanƙara mai faɗin mil 100 yana shigowa daga arewa, inda gani zai ragu ƙasa da mil 2. Na biyu ya yi maganar hazo da yayyafi mai daskarewa da ƙanƙarar da ke manne wa fukafukai a wani yanki da ya haɗa da Iowa. Ma'aikatan ofishin sadarwa ba su ambata masa ko ɗaya ba.

Sun tashi ƙarfe 12:55 na dare, suka fuskanci kudu, suka juya hagu zuwa arewa maso yamma a tsayin kusan ƙafa 800. Mai kamfanin, Jerry Dwyer, yana tsaye yana kallon fitilar wutsiyar jirgin, ya ga tana yin ƙasa a hankali har ta ɓace. Peterson ya ce zai ba da tsarin tafiyarsa ta rediyo idan ya hau, bai kira ba. Aka yi ta kiransa, shiru.

Lambobin yanayin sun halatta tuƙin gani da ido, amma a zahiri babu abin gani. Gajimare ya rufe taurari, ƙasa gonaki ne da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, gidaje jefi-jefi. Da fitilun filin jirgi suka koma baya, sama da ƙasa suka zama baƙi ɗaya. A irin wannan hali jikin mutum yana yi masa ƙarya. A cikin kunne akwai wasu lanƙwasassun bututu uku masu ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa an juya ko an karkata. Suna jin motsi mai sauri, amma idan jirgi ya karkata a hankali ba sa ji, idan kuma juyin ya daɗe ruwan yakan daidaita, mutum ya ji kamar a miƙe yake. Jirgin da ya karkata hancinsa yakan sunkuya, gudu ya ƙaru. Matuƙi ya ji iska na ƙara ƙara, ya ga tsayi na raguwa, sai ya ja sitiyari baya don ya hau. A jirgin da ke karkace, jan nan ƙara matse juyin yake yi, saukar ta ƙara sauri. Maganin shi ne a fara daidaita fukafukai sannan a ja, kuma hakan sai da na'urar da ke nuna yadda jirgi yake zaune a iska.

A nan ne na'ura ɗaya ta shigo. Rahoton binciken ya ce bugun iskar daren zai sa allurar da ke nuna hawa da sauka da wadda ke nuna juyi su riƙa rawa, ta yadda mai ƙarancin gogewa ba zai iya karanta su ba. Saura na'urar zaman jirgi. Peterson ya yi duk horonsa ne da irin wadda aka saba, amma wadda ke cikin Bonanzar ƙirar Sperry F3 ce, kuma tana nuna ɗagawar hanci da sunkuyawarsa akasin waccan. Kamar wanda idonsa ya saba da boko daga hagu zuwa dama ne aka miƙa masa ajami a cikin duhu aka ce ya karanta kafin a ƙirga goma. Yana iya kallon allon ya ga yana hawa alhali sauka yake.

Tarkacen ya tabbatar da haka. Dwyer ne ya hango shi daga sama wajen ƙarfe 9:35 na safe, a gonar Albert Juhl, kusan kilomita 8 daga filin. Injin yana aiki lokacin da ya bugi ƙasa, tayoyi a naɗe, babu gobara, babu alamar wani abu ya karye a sama. Allurar gudu ta maƙale tsakanin mil 165 da 170 a awa, ta sauka kuma a ƙafa 3,000 a minti. A wannan saurin, ƙafa 800 sakan 16 ne. Bakin fiffiken dama ne ya fara taɓa ƙasa, jirgin ya yi ta wuntsilawa har ƙafa 540 kafin shingen waya ya tare shi. Mawaƙan uku an same su a waje, matuƙin a cikin tarkacen. Duka huɗun nan take suka cika.

Hukumar kula da sufurin jiragen farar hula ta fitar da rahotonta ranar 23 ga Satumban 1959. Ta ɗora babban laifin a kan shawarar matuƙin ta tashi a yanayin da zai tilasta masa dogaro da na'urori alhali ba shi da wannan ƙwarewa, ta ƙara da sanadi biyu: gurguwar sanarwar yanayi, da rashin sabonsa da na'urar. Hukuncin daidai ne a iyakar abin da aka ɗora wa hukumar, domin ba aikinta ba ne ta binciki wanda ya tsara rangadin ko wanda ya yi hayar motocin. Sai dai yaro ɗan shekara 21 da aka kawo wa fitattun mawaƙa uku da tsakar dare, maigidansa na tsaye a wurin, da wuya ya buɗe baki ya ce ba za a tashi ba.

Rangadin bai tsaya ba ko na dare ɗaya. A Moorhead aka nemi yaran gari su cike gurbi, a cikinsu har da Bobby Vee ɗan shekara 15, wanda daga nan ya zama tauraro. Jennings da Allsup suka ci gaba da hawa dandamali har ƙarshen kwanakin. An yi jana'izar Holly ranar 7 ga Fabrairu a cocin Tabernacle Baptist na Lubbock. María Elena ba ta halarta ba, cikin da take ɗauke da shi ya zube jim kaɗan bayan ta ji labarin. A Birtaniya tasirinsa ya fi fitowa fili: sunan The Beatles kwaikwayon sunan ƙwaro ne irin na The Crickets, The Rolling Stones sun sake rera "Not Fade Away" a 1964, a 1976 kuma Paul McCartney na The Beatles ya sayi haƙƙin wallafa waƙoƙinsa, wato ainihin dukiyar da aka yi ta jayayya a kanta.

Jita-jita ta daɗe tana yawo saboda an tsinci ƙaramar bindigar Holly a gonar wata biyu bayan haɗarin, wasu suka ce harbi aka yi a cikin jirgin, wasu suka ce Richardson ya rayu har ya ja jiki neman taimako. A 2007 ɗan Richardson ya sa aka tono gawar mahaifinsa, masanin binciken ƙasusuwa Bill Bass ya ɗauki hoton ƙasusuwanta. Babu harsashi, kuma karayar da ke jikinsa daga kai har ƙafa ta nuna bai motsa ba bayan faɗuwar. A 2015 wani tsohon matuƙi ya nemi hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta sake buɗe binciken, hukumar ta duba ta ce hujjojin da ya kawo ba su kai a sauya rahoton 1959 ba.